Gidimuni, tabkin da muke wucewa a guje

Mafarin wannan tafiya gardama ce irin ta masu shan shayi. Wata ranar Juma'a da maraice muna zaune a fadarmu ta unguwar Zango, nan Damagaram, sai wani abokinmu ma'aikacin gomnati, wanda bai daɗe da dawowa daga horon aiki a Faransa ba, ya fiddo wayarsa yana nuna mana hotunan wani tabki da ake kira Ansi. Ruwa ne shuɗi garau, kwance a gindin duwatsun Alp; ga mutane sun baje bisa ciyawa, wasu cikin kwale-kwale, wasu bisa kekuna suna bin gefensa. Ya yi ta yabo har shayi na biyu ya huce. Da ya numfasa, sai wani Alhaji da ke cikinmu, ɗan kasuwa da ya daɗe yana kai kaya Difa, ya dube shi ya ce: "Mushe, ka ƙetare teku ka gano ruwan mutane. To na Gidimuni fa, ka taɓa tsayawa ka gan shi?" Mushe ya ce ai ya sha wucewa ta nan. Alhaji ya yi dariya, ya ce shi ma wucewar yake yi, don ba zai iya ƙidaya sau nawa ya ratsa garin ba, amma iyakarsa bakin gudro, ya sayi dabino da rake ya koma mota. Muka dubi juna, mu shida, aka rasa wanda ya taɓa taka bakin ruwan da ƙafarsa. Nan take aka yanke shawara: gobe Asabar, in Allah ya kai mu, za a je.

Mai karatu, abin da ya sa wannan ya zama abin kunya gare mu shi ne, duk faɗin Nijar babu birnin da ya san darajar ruwa kamar Damagaram. Waɗannan manyan duwatsu da suka ƙawata Birni, waɗanda baƙo ke tsayawa yana ɗaukar hotonsu, su ne kuma asalin ƙishirwarmu. Dutsen da muke gani a sama shi ne shimfiɗe ƙarƙashin gari, kuma irin dutsen nan ba ya riƙe ruwa yadda rairayi ke riƙewa. Tun daga 1911 nan ne mazaunin mulkin Nasara na ƙasar, amma a 1926 aka kwashe aka koma Yamai, kuma ƙarancin ruwa yana cikin manyan dalilan da aka bayar. Daga baya aka yi ta nisawa ana neman abin sha, aka jawo daga Gogo da Macaya, aka jawo daga Arunguza, aka kai har Ganaram, gari kuwa yana ta ƙaruwa. Wanda ya girma a nan ya san kiran ƴan ga-ruwa, ya san tashin tsakar dare don tarar pampo. Amma ga tabki guda wanda ba ya ƙafewa rani da damina, kimanin kilometir 70 gabas da mu, mun bar shi ga direbobi su leƙa ta tagar mota.

Muka tashi bayan sallar asuba, cikin ɗarin watan Janairu, kowa ya naɗe kansa. Muka bar fadar sarki da sauran ganuwar Sarki Tanimun a bayanmu, muka miƙi babbar hanyar da ke zuwa Gure da Difa. Kafin rana ta yi tsawo mun ratsa Mirya da lambunanta. Daga nan sai gonaki da aka girbe, kara a tsaye, sai itatuwan gawo da suka yi kore shar a lokacin da kome ya bushe. Alhaji ya ce a shekarun da suka biyo bayan farin 1984 yankin bai kai haka itace ba. Manoma ne da kansu suka riƙa barin tohon gawo cikin gonakinsu maimakon su sare, har abin ya zama sananne a ƙasashen Mirya da Magarya da Matamai. Gaba kaɗan ƙasa ta soma sauyawa. Tuddan rairayi suka fara bayyana, jajaye-jajaye, nan da can kuma wani dutse ya ɗago kai. Babu abin da zai nuna wa baƙo cewa akwai ruwa kusa.

Shi ya sa ganinsa na farko yake dukan zuciya. Mun ajiye mota cikin gari, mun gaida dattawan da muka tarar, suka haɗa mu da wani saurayi da zai yi mana ja-gaba. Ya ce kada mu fara da bakin ruwa, mu hau tudu tukuna. Hawan rairayi kuwa ba wasa ba ne ga mai zaman biro: taku biyu gaba, ɗaya baya, Mushe har ya cire takalmansa ya riƙe a hannu. Da muka kai bisa muka juya, sai kowa ya yi shiru. Ƙarƙashinmu kwari ne mai tsawo, bakinsa cike da dabino da goriba, bayansu lambuna fala-fala, sannan ruwa yana walƙiya cikin hazo, ya miƙe har inda ido ya gaza. Daga inda muke tsaye ana jin kukan injin ban-ruwa da na tsuntsaye a haɗe. Alhaji ne ya fara magana, ya ce: "Ikon Allah! Ashe abin da nake wucewa ke nan."

Nan bisa tudun gardamar jiya ta dawo, domin Mushe ya ce kyau kam akwai shi, amma na Ansi wani abu ne dabam. Gaskiyarsa. Sai dai bambancin ya fi ƙarfin launin ruwa, ya kai ga yadda kowannensu ya samu, kuma abin ya cancanci a tsaya a kansa.

Tabkunan da ke gindin duwatsun Alp, irin su Ansi a Faransa, da Leman da ke tsakanin Faransa da Suwis, da Komo a Italiya, ƙanƙara ce ta yi aikinsu. A zamanin da duniya ta yi tsananin sanyi, wanda ya ƙare kimanin shekaru 11,700 da suka wuce, dusar ƙanƙara ta yi ta taruwa bisa duwatsu shekara bayan shekara ba ta narkewa, har ta daskare ta zama tuli mai kaurin ɗaruruwan metir. Nauyinta ya sa ta riƙa gangarowa sannu-sannu cikin kwaruruwa kamar kogi, tana jan duwatsu a ƙarƙashinta, tana kankare ƙasa yadda magini ke kankare bango. Da zafi ya dawo ta narke, sai ta bar ramuka masu zurfi, ta kuma bar tarkacen da ta turo ya tare bakin wasunsu, ruwa ya cika. Shi ya sa suke da zurfi ainun: Ansi ya kai metir 82, Leman metir 310, Komo ya haura 400. Har yau koguna da narkewar dusar ƙanƙara daga bisa ne ke ciyar da su, ruwan ya shiga ta nan ya fita ta can.

Namu kuwa daga ƙasa yake fitowa. Ruwan damina da ke sauka bisa waɗannan tuddai ba ya gudu da nisa, rairayi ne ke shanye shi, ya nutse har ya tarar da abin da ba ya iya ratsawa, ya kwanta can a ɓoye, inda rana ba ta kai masa. Duk inda ƙasa ta yi kwari har ta kai ga wannan ruwa na ɓoye, sai ya bayyana, ko ya ɓuɓɓugo daga gindin tudu. Haka ƙoramun kudancin Damagaram suke, inda ake noman rake da rani, haka kwaruruwan dabino na ƙasar Gure suke. Wato tudun da muka sha wahalar hawa shi ne randar tabkin. A ƙasar da ruwan sama na shekara bai cika wuce milimetir 400 ba, alhali rana da iska suna iya ɗauke fiye da metir 2 daga fuskar buɗaɗɗen ruwa a shekara guda, tabkin da ba shi da irin wannan ajiya ba zai kai bazara ba. Duk mun san tabkunan damina da ke cikin gari, mun san watan da suke komawa taɓo.

Don kada Mushe ya tafi da girman kai, na tuna masa cewa mu ma ƙanƙara ta taɓa ziyartarmu. Masana duwatsu sun gano sawunta a yankin Jado, can arewa maso gabas, inda ta kankare dutse kimanin shekaru miliyon 445 da suka wuce, lokacin da wannan ɓangare na Afirka yake kusa da ƙuryar kudu ta duniya. Alhaji ya ce wannan lissafi ya fi ƙarfin littafinsa na bashi. Abin da ya fi kusa da mu shi ne, shekaru kamar 7,000 baya, tabkin Cadi ya kai girman teku, hamadar da muke tsoro yau tana da ciyawa da koguna. A Dufuna ta jihar Yobe, ƙetaren iyaka kaɗan, a 1987 wani makiyayi mai haƙar rijiya ya tono kwale-kwalen da aka auna shekarunsa suka kai wajen 8,000. Shi kansa Cadin da aka auna da murabba'in kilometir 25,000 a farkon shekarun 1960, kafin tsakiyar shekarun 1980 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wannan. Ruwa a ƙasarmu baƙo ne mai zuwa da tafiya, wanda ya zauna kuwa ya cancanci a je a gaishe shi.

Ba mu ne farkon masu tsayawa su yi mamaki ba. A watan Disamba na 1852 wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya biyo ta nan daga Kukawa ta Barno, ta Gure, zai je Damagaram. Ya rubuta sunan wurin Badamuni ko Gadabuni, ya yi zancen idanun ruwa da ke shayar da lambuna, kuma abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne tabki biyu manne da juna, ɗaya na ruwan daɗi, ɗaya na kanwa. Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya taɓa barin ruwa cikin tukunya bisa wuta. Ruwan ƙasa yana tafe da ɗan gishiri da ya narko daga dutse da rairayi. Inda sabon ruwa ke shigowa kullum, daɗinsa yana nan. Inda ya tsaya ba mafita, rana ta yi ta ɗiba tana barin gishirin, sai kanwa ta taru har ta yi fari fat a bakin gaɓa. Wannan kanwa ta ƙasashen Muniyo da Manga da Damagaram tana cikin kayan da fatake suka yi ta kaiwa Kano tun kafin zuwan Nasara, bisa jakai da takarkarai da raƙuma. Iyayen wasu daga cikin masu karanta wannan shafi da ita suka fara jari.

Muka gangaro. Abin da mutum zai fara lura da shi a ƙasa shi ne, nan ba wurin hutu ba ne ga masu shi. A hotunan Mushe kowa kwance yake. A nan kowa duƙe yake. Wannan yana jan ruwa zuwa fangalin shu da salati, wancan yana saran rake, yara suna korar awaki daga albasa, mata suna wanki, can nesa masunta biyu suna duba komarsu. Garken shanu ya sauko shan ruwa ta wata ƴar hanya da aka bari tsakanin shingaye, makiyayin yana ta faman kada su karkata cikin rogon mutane. Karfasa da tarwaɗa da muka gani cikin kwando ba su kai girman na kogin Kwara ba, amma dai kifi ne ɗanye, a tsakiyar ƙasar rairayi.

Wani dattijo mai lambu ya kira mu inuwar dabinonsa, ya sa jikansa ya yanko mana rake. Bayan gaisuwa na ce: "Baba, ruwan nan ƙaruwa yake ko raguwa?" Bai ba ni amsa da baki ba. Ya tashi ya ce mu biyo shi. Ya kai mu ƙarshen lambun, inda tudu ya gangaro, ya nuna mana wasu dabinai uku da rairayi ya binne har wuya, kansu kaɗai ke waje kamar masu neman ceto. Ya ce yana yaro nan suke zama su ci abinci, a ƙasa mai laima. Sannan ya juya ya nuna gefen ruwa, inda kacalla ta tsaya ta fi mutum tsawo, cunkus, ba ko hanyar kwale-kwale. "Ɗana," in ji shi, "ruwa yana zuwa yana komawa da yadda damina ta yi, wannan mun saba. Amma waɗannan biyun ba su komawa. Ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya."

Na daɗe ina juya wannan magana. Tudun da ke ajiye wa tabki ruwa shi ne kuma ke cinye shi, muddin aka tuɓe masa riga. Idan ciyawa da ƙananan itatuwa suna bisansa, zaune yake wuri guda. Idan gatari da kofato da fari suka share su, iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas sai ta ɗebe shi ƙwaya-ƙwaya ta zuba cikin kwari. Ruwa ya rage zurfi, kacalla kuwa abin da take so ke nan, ruwa mara zurfi da ba ya ƙafewa. Ta kafa saiwa, ta tare ƙura da laka, ta mutu ta ruɓe a wurin, ƙasa ta ƙara tasowa, ita kuma ta ƙara matsawa ciki. Maƙwabtanmu na Nguru da Haɗeja sun san wannan ciyawa sarai, don ta toshe musu hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama kuma mafakar tsuntsaye masu cin hatsi. Maganin duka biyun sananne ne, ba ya buƙatar ƙwararre daga waje. Tudu ana ɗaure shi da shingen kaba da ƙirare a jere, a dasa itace tsakani, a hana dabba shiga har ya kama, kamar yadda aka yi a wurare da dama a ƙasar Gure. Kacalla ana yanke ta ƙarƙashin ruwa don ta shaƙe, a yi asabari da shinge da ita. Wahalar ita ce aikin ba na shekara guda ba ne, furoje kuwa yakan zo da motocinsa ya yi shekara uku ya tafi.

A 2019 an sa tabkin Gidimuni, mai faɗin hekta 338, cikin jerin wurare masu dausayi da duniya ta yarda da muhimmancinsu, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a Ramsar ta ƙasar Iran a 1971, wadda Nijar ta shiga a 1987. Tare da na Madarunfa aka sa shi, bayan na Lasuri da ya riga su tun 2005. Abin alfahari ne, amma rairayi bai iya karatu ba. A nan ne Mushe ya kawo abin da ya fi hotunansa amfani. Ya ce an gaya musu cewa shi ma Ansi, wanda ya ninka namu sau takwas, ya kusa lalacewa bayan yaƙin duniya na biyu, saboda ƙazantar garuruwan da ke kewaye da shi duk cikinsa take zuba. A 1957 garuruwan suka haɗa kai suka kafa ƙungiya guda, suka shimfiɗa bututu mai zagaye tabkin yana kwashe dattin, suka ɗauki shekaru suna biya daga aljihunsu, har ya zama ɗaya daga cikin tabkuna mafi tsabta a Turai. Ƙanƙara ta haƙa musu ramin, amma shuɗin da ya gani a hoto na mutane ne. A ganina abin da ya motsa su shi ne suna zuwa wurin, ƴaƴansu suna wasa a bakinsa. Ma'aikacin da ke sa hannu bisa takardar kasafi a Damagaram, da ɗan kasuwar da ke cin ribar dabino da shu na Gidimuni, in ba su taɓa ganin dabinon da aka binne har wuya ba, da wuya su tuna da shi ranar rabon kuɗi.

Ga wanda ke son zuwa da iyalinsa, lokacin ɗari ya fi, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da lambu ya cika, tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai kuma suka sauko suka haɗu da namu. A tashi da wuri, a riƙe katin shaida saboda shingayen hanya, a ɗauki tabarma da ruwan sha da kayan shayi. Sauran abin taɓawa a saya a wurin masu lambu, kada a yi musu cinikin ƙeta. A fara gaida mutanen gari kafin a shiga, domin kowace inuwa da mai ita. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: kada ganin hotunan Turawa ya sa a tura yara wanka. Ruwan da ke kwance a ƙasarmu, mai ciyayi da dodon koɗi, shi ne gidan tsargiya, mai sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga. Ledar da aka zo da ita kuma a koma da ita.

Mun yi azahar da la'asar ƙarƙashin dabinon dattijon. Da rana ta karkata iska ta kwanta, hazo ya yi ja, sai ruwan ya sauya launi ya koma kamar tagulla. Balbelu suka riƙa dawowa jere-jere, farare tas, suna sauka bisa itace guda har ya zama kamar an shanya masa auduga. Wani zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya a bakin kacalla bai ko motsa ba tun da muka zauna. Can sai garken kirinjijiya ya taso da fito, ya kewaya sau biyu ya sake sauka. Mushe ya ɗauki hotuna har wayarsa ta mutu. Alhaji kuwa ya koma gefe da dattijon suna lissafin abin da shingen kaba na tsawon lambun zai ci, na ji yana cewa zai tsaya in ya dawo daga Difa.

Muka shigo Damagaram bayan isha'i, bayan mota cike da rake da shu, takalmanmu cike da rairayi. A bakin unguwarmu jarkoki sun yi layi gaban pampo, yara zaune bisansu suna jira.